Raka'a ta Biyar

Danchadi,
ƙasar Boɗinga.

Zuwa ga mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka Shagari lafiya, ka sami ɗaki mai ƙofar kirki, kuma ruwan garin ya karɓe ka. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baƙunta, Ya haɗa ka da mutanen arziki a wannan ƙaramin asibitin da aka tura ka. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina aka sa maka, saboda haka tun kana rarrafe ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Ko sunanka bai taɓa fita daga bakina ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Ina kuma zargin ba za ka karanta har ƙarshe ba, don na ga irin karatun da kuke yi a waya, yatsa na gudu, ido na binsa a baya. Ka daure da wannan.

Abin da ya sa ni rubutu shi ne abin da na gani ranar da za ka tafi. Ina zaure, ƙofar cikin gida a buɗe. Kana zaune a kan turmi da kwanon fura a gabanka, mahaifiyarka tana yi maka bayanin yajin da ta ƙulla maka da inda ta sa bargo. Ludayi yana hannunka, bai kai baki ba, bai koma kwano ba. Idonka yana kan bango, leɓɓanka suna motsi. Ta yi ta magana har ta gaji ta yi shiru, kai kuwa ba ka ma san ta yi shirun ba. Na san inda kake. Kana can ofishinku na Boɗinga kana faɗa da abokin aikinka, dogon nan mai yawan murmushi, wanda ka ce wa mahaifiyarka shi ya ƙulla maka wannan canjin wurin aiki.

Ban ce bai ƙulla ba. Ni ma tun ranar da ya zo gaishe ni ya durƙusa fiye da kima, raina bai kwanta da shi ba. Amma ba shi ya tsorata ni ba. Fuskarka ce ta tsorata ni, don tawa ce sak. Na zauna cikin wannan fuskar shekaru masu yawa, kuma na san abin da take ci.

Bari in fara da fadama. Ka san aikin ban ruwa, ko da yake makaranta ta ɗauke ka kafin hannunka ya yi kanta. In an ta da inji, ruwa ya hau hanya, mutum ɗaya ne yake tsayawa da fartanya. Ya buɗe bakin fangali, ya jira ya cika, ya toshe da laka, ya buɗe na gaba. Aikin ba ya son ƙarfi, ido yake so. In gefen hanyar ruwa ya fara tsatsa kana kallo, cebur ɗaya na laka ya isa. In ba ka kallo, kafin ka waiwayo ruwan ya yi wa kansa wata hanya.

Da mahaifinmu Malam ya rasu, ni da ƙanena, Baffanka Lawali, muka gaji lambun. Nawa daga sama, nasa daga gangare, inji ɗaya muke amfani da shi. Wata safiya ina ba albasata ruwa, sai na hango Lawali a bakin iyaka tare da wani baƙo mai babbar riga. Suna nuna nan, suna nuna can. Nan take zuciyata ta gama shari'a: sayar da rabonsa zai yi a ɓoye, ya kawo mini baƙo cikin gonar ubanmu. Fartanya tana hannuna, ƙafafuna suna cikin laka, amma ni na riga na tafi. Na kai ƙara wurin hakimi, na kira shaidu, na tsara abin da zan faɗa da abin da zai mayar mini. Da na dawo hayyacina, fangalina a bushe suke, ruwan duk ya gangara ya cika na Lawali har yana ambaliya.

Na kira shi da muryar da ban taɓa kiransa da ita ba. Ya zo da gudu, ya zaci maciji ne.

Ya ce, "Yaya, wallahi ban taɓa ruwanka ba. Can nike bakin iyaka, kai ma ka gane ni. Wanga mutum irin albasa yaz zo nema."

Na ce, "To wa yab buɗe shi? Tun da asuba kag gyara wurin, kaj ja hankalina da baƙonka."

Ka ji yadda zargi yake da wayo. Shaidar da ta wanke shi, ita na juya ta zama laifinsa. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta su ba, a gaban baƙo, a gaban maƙwabta. Bai rama ba. Da aka cire albasar wannan shekarar, ya tattara iyalinsa ya koma Shagari wurin kawunnanmu, ya shiga kiwo. Rabonsa na lambu bai sayar ba, bai ba kowa aro ba, ya bar shi ciyawa na ci. Ni kuwa na ce wannan ma wata dabara ce.

Saboda haka abu na farko: aikin da yake hannunka, ka tsaya a kansa. Idan mace ta zauna a gabanka da yaro yana zazzaɓi, wannan yaron shi ne fangalinka. Kada ka riƙe hannunsa kana auna zafi alhali kana Boɗinga kana mayar wa dogo martani. Kuskurena albasa ya ci. Naka ba albasa zai ci ba.

Na biyu ya faru a masallacin unguwarmu, kuma na tabbata ka taɓa jin ɓurɓushinsa, don yaran garin nan ba su da rufin asiri. Liman ya yi tafiya, aka tura ni gaba in ja sallar la'asar. Na yi kabbara lafiya lau. Ina cikin Fatiha, sai ga Lawali a gabana. Na ci gaba da faɗan da muka fara a fadama, na ƙaro hujjojin da ban tuna da su ba a ranar. Baki yana karatu, jiki yana ruku'u da sujada, ni ina can ina cin nasara. Sai na miƙe tsaye, na ji sahu gaba ɗaya ya ɗauka: "Subhanallah."

Ka san abin da ake yi. In an yi wa liman tasbihi ya tuna, sai ya koma ya zauna. Ni ban zauna ba. Abin da ya zo mini shi ne, waɗannan mutanen sun haɗa baki ne don su kunyata ni, saboda wasunsu abokan Lawali ne. Na kafe, na kawo raka'a ta biyar cikakkiya, wasu suka bi ni, wasu suka zauna suna jira. Bayan sallama na juyo ina musu, har sai da ladaninmu, Malam Tukur, tsohon da haƙoransa suka ƙare amma harshensa bai ƙare ba, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Malam Bello, mu dai huɗu munka sani. In an ƙara wata, labari bai iso Danchadi ba."

Masallaci ya ɗauki dariya. Na yi sujadar ba'adi ina huci. Tun daga ranar aka sa mini Mai Ba'adi, kuma na san har yau ana faɗa in na ba da baya, kada ka ce mini ba a yi.

Da mutane suka watse, tsohon ya tare ni wurin takalma. Wannan karon babu dariya a fuskarsa.

Ya ce, "Jikinka na nan gabanmu, amma kai kana fadama. Mu ko ba mu iya bin liman har fadama. In kaz zo alwala, ka ji sanyin ruwa ga hannunka kahin ka kai ga huska. Hannu ɗai. In ka gama da shi, sannan ka tai ga na gaba."

Na ce to. A raina kuwa na ce wannan tsohon limanci yake nema wa ɗansa.

To abu na biyu: in mutane da yawa suka ce maka ka yi kuskure, ka fara duba kanka kafin ka duba abin da suka ƙulla. Kuma ka kula da sallarka. Ban ce ba ka yi ba, na ga kana yi a kan lokaci. Amma ka tambayi kanka bayan sallama, wace sura ka karanta? In ba ka sani ba, to ba ka nan aka yi ta.

Na uku shi ne wanda ya fi mini ciwo, kuma ko mahaifiyarka ban taɓa faɗa mata shi duka ba. Lokacin da ciwon kakarka Inna ya yi tsanani, Lawali ya zo daga Shagari. Da rana ne, bayan azahar, ana zafi. Muna ɗakinta mu biyu, ni a damanta, shi a hagunta, ba mu ce wa juna komai ba bayan gaisuwar dole. Ta kama hannuna ta riƙe. Ta fara magana a hankali, muryar ta yi ƙasa sosai, sai an kasa kunne.

A daidai wannan lokacin na ga hannun Lawali ya shige ƙarƙashin matashin kanta. Na san a nan take ajiye mabuɗin adakarta. Idona ya bi hannun nan, kunnena ma ya bi shi. Na ce yau ga shi a gabana, tun ba ta cika ba ya fara. Na jira in ga abin da zai fito da shi, ina shirya abin da zan faɗa a gaban dangi. Hannun ya fito da carbi. Shi take lalube tun ɗazu, shi ya lura, ni ban lura ba. Ya sa mata a ɗaya hannun.

Da na mayar da ido kan fuskarta, ta gama magana. Tana dubana, tana duban Lawali. Shi kuwa hawaye na zuba, yana cewa, "To, Inna. In sha Allahu, Inna." Ni ma na ce to, don kada a gane. Daga nan ba ta sake yin wata magana da aka fahimta ba har Allah Ya karɓi abinSa.

Ka gane abin da nake faɗa maka? Uwata ta bar mana wasiyya, mu biyu, hannunta yana cikin nawa, kuma ban san abin da ta ce ba. Na amsa abin da ban ji ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya ji, kuma girman kai ya hana ni tambayarsa. Aka yi zaman makoki, ya koma Shagari. Tun daga nan nake ɗauke da wannan abu, kuma yana da nauyi ƙwarai. Wani lokaci in ce cewa ta yi mu shirya. Wani lokaci in ce wata amana ce ta wani da ya kamata in sauke, ga shi ban sauke ba. Ban sani ba.

Abu na uku ke nan: in wanda kake ƙauna yana magana, ka saurare shi a lokacin. Maganar yaji da bargo da mahaifiyarka ta yi maka ba wata babbar magana ba ce, amma ba ka san wacce ce za ta zama babba ba sai bayan ta wuce. Ka kira ta a waya, ka ce ta maimaita maka. Za ta yi mita, amma za ta ji daɗi.

Yanzu bari in gaya maka yadda idona ya buɗe, don kada ka zaci wani babban malami na je wa. Wani rani ne bayan rasuwar Inna. Ina ban ruwa, sai wani mai babur ya tsaya kusa da inda injina yake. Na ce ɓarawon inji ne ya zo leƙen wuri. Na kafa masa ido, na bi shi da zuciya har kasuwar da zai sayar. Mutumin nan fitsari ya tsaya yi, ya gama ya hau babur ɗinsa ya wuce. Na waiwayo, sai na ga fangalina a bushe. Ruwan ya ɓalle ya gangara cikin rabon Lawali, yana shayar da ciyawa.

A daidai wurin da ya ɓalle wancan karon. Na tsuguna na sa hannu. Gefen hanyar a nan yashi ne, ba ya riƙe ruwa sai ana toshe shi ana kallo. Lawali yana Shagari, babu baƙo mai babbar riga, babu kowa a fadamar sai ni da fartanyata. Na duba gabas, na duba yamma, ina neman wanda zan ɗora wa, ban samu ba. Na zauna cikin lakar nan na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izar Inna.

Da na tashi, na toshe wurin, na buɗe fangali ɗaya, na ce yau sai na ga cikarsa da idona. Na tsaya ina kallon ruwa yana shiga, yana zagaye gindin kowace albasa, ƙasa tana sha tana yin duhu. Na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na ganyen albasa. Na ji sanyin laka a tsakanin yatsun ƙafata. Ashe akwai tsuntsaye a fadamar nan, suna ta kuka a kan mangwaron Malam, ni da na girma a wurin ban san da su ba. Sai maganar tsohon ladan ta dawo mini, shi kuwa a lokacin ƙasa ta riga ta rufe shi. Da azahar na yi alwala yadda ya ce, hannu ɗaya sannan na gaba. Na yi raka'a huɗu, kuma kowacce na san lokacin da na shige ta da lokacin da na fita. Na ji kamar Ubangijin da nake ta kira daga nesa yana nan kusa, ashe ni ne ba na gida.

Wani sauƙi ya sauka a ƙirjina wanda ban san irinsa ba. Kuma don ka san halin ubanka, ban yarda da shi ba. Na zaci wani ciwo ne yake shirin kama ni, har na ce wa mahaifiyarka ta jiƙa mini sassaƙe.

Kada ka ɗauka na warke. Har gobe in na ga mutum biyu suna magana suka yi shiru da isowata, sai zuciyata ta ɗauki sandarta za ta fita. Abin da na koya kawai shi ne in kamo ta in dawo da ita: ga ƙafata a nan, ga abin da ke hannuna, ga wanda ke gabana. A yini sai in yi haka ba adadi. Kuma ka yi hankali da masu sayar da natsuwa a waya, masu taushin murya da ke cewa ka turo kaza a ba ka sirrin kwanciyar hankali. Ban yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin yana cikin butar alwalarka.

Ban kuma ce ka zama wawa ba. Ka kulle ɗakinka. Kada ka hau hanya in rana ta yi sanyi, ka san yadda zamani ya koma. Kada ka sa hannu a takardar magani da ba ka karanta ba, ko wa ya kawo ta. Wannan taka-tsantsan ne, ana yinsa a gama, a ci gaba da rayuwa. Zargi kuwa ba a gama shi. In dogon nan ya cuce ka, ya cuce ka sau ɗaya a ofis. Kai ne kake ɗauko shi kullum kana zaunar da shi a bakin kwanon furarka.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi sauran. Za ka ce, tunda na gane gaskiya a fadama, me ya hana ni zuwa Shagari? Babu abin da ya hana ni sai "bari". Na ce bari a cire albasa. Aka cire, na ce bari a yi shuka. Na ce bayan girbi, na ce bayan Salla. Na iya tsayawa a kan fangali, na iya tsayawa a kan sallaya, amma wannan abu ɗaya kullum sai in tura shi gobe. Kwanakin baya wani mai fataucin shanu ya kawo labari cewa hawan jini ya buge Baffanka, ɓarin jikinsa ya shanye, magana tana fita da ƙyar. Ka san abin da na fara cewa? Na ce an ƙara gishiri ne don a jawo ni.

Jiya da hantsi mahaifiyarka ta ajiye mini koko, ta ƙi tafiya.

Ta ce, "Malam, albasa ta shiga rudu, gero ya shiga rumbu, Salla ta wuce. Ɗanka ma ga shi Allah Ya kai shi garin. Mi yar rage kuma?"

Gaskiyarta, babu abin da ya rage. In harshen Lawali ya ida rufewa, maganar Inna ta tafi ke nan har abada. Kuma ko da ya manta abin da ta ce, akwai abin da ni zan faɗa masa, wanda ya kamata ya ji tun yana iya ji.

Da niyyata in ba direban motar Shagari wannan takarda ya kawo maka. Na sake tunani. Yaron nan bakinsa ba ya riƙe magana, kuma na tabbata kafin ya wuce Boɗinga ya buɗe ta ya karanta wa fasinjoji. Ban yarda da shi ba. Saboda haka ni zan kawo ta da kaina, yau, in na idar da wannan layin na sa takalmi. In kana karanta ta, to ina waje a kan bencin asibitinku, na juya maka baya. Kada ka fito sai ka sallami marasa lafiyar da ke gabanka, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Allah Ya tsare ka a zamanka na Shagari, Ya tsare hannunka daga kuskure, Ya tsare zuciyarka daga irin yawon da tawa ta yi. Allah Ya kai ka lafiya duk inda za ka, Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya ba Baffanka sauƙi, Ya jiƙan Malam da Inna da tsohon ladan.

In ka fito, ka raka ni gidan Baffanka, don ban san ƙofar ba. Ka shiga tare da ni, ka zauna daga bayana. Maganarsa za ta fito a hankali, kuma na san halina. In ka ga idona ya bar fuskarsa ya fara yawo a ɗakin, kada ka ji kunyata, ka ce "Subhanallah" yadda ake yi wa liman. Wannan karon zan zauna.

Wassalam.

Mahaifinka.